Daddawa a Cikin Bargon Agaji

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar kwasar barguna ba. Shekarar da ƙasa ta girgiza a Turkiyya da Sham ne, ana tsananin sanyi. Ina zaune wajen ɗana a unguwar Shifa, nan Riyad, sai aka ce wata ƙungiyar agaji na karɓar barguna. Matan unguwa muka haɗa namu, da yake ni ce babba aka sa ni gaba. Doka ɗaya aka kafa: bargo kawai, ban da abinci.

Na ji, na gyaɗa kai. Amma zuciya ta ce, wanda gidansa ya rushe, da me zai kaɗa miya? Sai na ɗebo daddawar da aka aiko min daga gida, na ƙulle a ƙyalle, na cusa cikin bargo. (Ban tambayi kowa ko Turkawa sun san miyar kuka ba.)

Kwana uku kaya na rufe a kwali. Ranar da mota ta zo, ma'aikaciyar ƙungiyar, wata Balarabiya mai ladabi, ta buɗe, ta ja da baya, ta toshe hanci da mayafi.

"Ya Hajja, wani abu ya mutu a nan. Wannan kwali ba zai shiga mota ba."

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ja carbi. "Wasu dai ba su da tsoron Allah," in ji ni.

Aka yi ta warware barguna, ɗaya bayan ɗaya, har ƙulli ya faɗo tim. Hajiya Rabi, maƙwabciyata 'yar Damagaram, ta ɗauka. Ta dubi ƙyallen, ta dubi ɗankwalina. Ashe ragowar atamfar da ke jikina ce.

"Iya," ta ce, "wannan marar tsoron Allah, tela ɗaya gare ku?"

Mata suka kwashe da dariya. Ni kam na so ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna abin da ya tara mu, na yi istigfari.

Mota ta tafi ba namu. Kwana biyu muna wanki da shanya a saman bene, bayin Allah na can cikin sanyi suna jiran barguna saboda miyata.

Tun daga nan, in masu aiki sun ce bargo, to bargo ne. Daddawar kuwa Rabi ta wuce da ita gida, wai kada a yi asara biyu.