Zauna Nan, Ina Zuwa

Wani bawan Allah ne ya daɗe yana zaman gida, har yaransa suka fara tambayarsa ko shi ma hutun makaranta aka ba shi. Wurin da ya yi aiki na ƙarshe, zaƙewa ce ta sa aka sallame shi. An ce ya share ofis, shi kuma ya haɗa har da wanke kwamfuta da ruwa da sabulu.

Ana nan sai yayan matarsa ya samo masa aiki a wani kamfanin gyaran kayan lantarki, su fanka, rediyo, dutsen guga da injin markaɗe. Kafin ya fara, sai ya zaunar da shi.

"Ka ji ni da kyau. Abin da aka ce ka yi, shi za ka yi. Kada ka ƙara, kada ka rage. In aka sake koro ka, ni da kai sai gaisuwa."

"In sha Allahu, Yaya."

Ranar farko matarsa ta goge masa kayan da ya fi ji da su, ya yi bismillah ya fita. Ya isa tun maigadi bai gama buɗe ƙofa ba.

To, ga yadda wurin yake. Ɗakin gaba na masu kawo gyara ne, kujeru a jere jikin bango. Kujerar farko tana bakin wata ƙofa mai baƙin gilashi. In mai karɓar kaya da ke ciki ya danna ƙararrawa, wanda ke kan kujerar farko ya shiga, sauran su matso. Ma'aikata kuwa ta ƙofar baya suke shiga da fita. Babu wanda ya gaya wa mutumin haka.

Yana tsaye sai ga manaja ya leƙo gaba, abin da bai cika yi ba.

"Kai ne sabon? Madalla. Zauna nan, ina zuwa."

Ya nuna masa kujerar farko, ya koma ciki don ya ɗauko masa rigar aiki. Yana buɗe durowa aka kira shi a waya. Daga wayar nan sai wata wayar, daga nan sai abincin rana. Da ya tuna da sabon ma'aikaci bayan kwana biyu, ya duba ɗakin gyara bai ga baƙuwar fuska ba, sai ya ce, "Mutanen yanzu ba sa son aiki."

Shi kuwa mutumin yana nan inda aka ajiye shi.

Wadda ta fara zuwa wata tsohuwa ce da dutsen guga a leda. Ta zauna kusa da shi. Mutane suka yi ta zuwa suna zama bayanta. Can sai ƙararrawa ta yi ƙara.

"Ɗan nan, an buga," in ji tsohuwar.

"Na ji, Baba."

"Ba za ka shiga ba?"

"An ce in zauna, ana zuwa."

"To, ai shi ke nan. Su suka san aikinsu."

Aka sake bugawa. Wani mai gaggawa da ke riƙe da fanka ya miƙe zai wuce, sai jama'a suka tare shi.

"Malam, ina za ka? Bawan Allah nan tun safe yake zaune, bai ce uffan ba. Kai yanzu ka zo."

"Ai shi ba ya shiga."

"In shi da ya riga ka bai shiga ba, kai a wa?"

Mai fanka ya koma ya zauna ya rungume fankarsa.

A ciki kuwa mai karɓar kaya ya danna, ya danna, bai ga kowa ba. Sai ya ce wa masu gyara, "Yau kasuwa shiru." Suka ɗora shayi.

Da yamma mutumin ya koma gida. Matarsa ta kawo masa ruwa.

"Baban yara, ya aikin?"

"Alhamdu lillahi."

"Wane aiki aka ba ka?"

"Zama."

"In ka zauna fa, sai me?"

"Ba a kai ga nan ba tukuna."

Ta dube shi, ta dubi kayan da ta goge, ta ce Allah Ya sa albarka.

Haka aka ci gaba. Kullum shi ke fara zuwa, kullum kujerar farko tasa ce. In lokacin salla ya yi, tsohuwar ta ɗora dutsen gugarta a kai ta tsare masa wuri, in ya dawo shi ma ya tsare mata. Kullum kuma in ya koma gida tambayar matarsa ɗaya ce, amsarsa ma ɗaya.

Layi ya fita har waje. Marasa haƙuri suka kwashi kayansu suka tafi wani wurin. Masu haƙuri suka fara zuwa da tabarma da abinci. Aka san juna, har ana tambayar mai jiki. Mai fanka da ya gaji, sai ya buɗe bayan fankarsa da wuƙar yanka lemo. Wani mai rediyo ya leƙa ya ce ai waya ce ta tsinke, ya ɗaura masa. Shi kuma mai fanka ya hure wa rediyon ƙura, ta kama magana. Kafin wani lokaci layin ya koma yana gyara kansa da kansa. Tsohuwar ma an gyara mata dutsen guga tuntuni, amma ba ta daina zuwa ba, ta ce gida babu hira.

A ciki an gaji da shayi. Masu gyara suka kwance agogon bango suka mayar, don kada hannu ya manta. Yatsan mai karɓar kaya har ya yi kanta wajen danna ƙararrawa. Manaja ya kira mai kamfani, wanda ya yi tafiya, ya ce masa, "Alhaji, da alama kayan garin nan sun daina lalacewa."

Mai kamfani ya dawo hankali a tashe. Da yake ya manta makullin ƙofar baya a jakar tafiya, sai ya biyo ta gaba. Ya ga mutane maƙil, wasu a kujera, wasu a tabarma, fanka tana juyawa, rediyo tana labarai.

"Kai, wannan fa?" ya tambayi maigadi.

"Masu kawo gyara ne, Alhaji."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ni ƙofa aka ba ni, ba a ba ni mutane ba."

Ya nufi ƙofar gilashi, sai jama'a suka tare shi.

"Alhaji, a bi layi."

"Kamfanina ne."

"Kowa da uzurinsa," in ji tsohuwar. "Ga wanda ya riga kowa nan, ko tari bai taɓa yi ba."

Mai kamfani ya juya ya dubi mutumin.

"Malam, me ka kawo gyara?"

"Ban kawo komai ba, ranka ya daɗe. Ma'aikaci ne ni."

"A ina?"

"A nan."

Mai rediyo ya rage murya.

Aka ƙwanƙwasa gilashi har manaja ya fito, da kofin shayi a hannu. Ya ga jama'a, ya ga mai kamfani, ya ga mutumin a kan kujerar farko. Sai ya ajiye kofin a hankali.

"Sannu da zuwa," in ji mutumin. "Ka ce kana zuwa."

"Wane ne wannan?" in ji mai kamfani.

"Sabon da muka ɗauka ne, Alhaji. Rigarsa ma tana durowa."

Mai kamfani ya juya kan mutumin. "Kai, ka san abin da ka yi? Ka toshe mini ƙofa. Rabin masu kawo mini gyara sun gudu, sauran ka mayar da su makanikai. Tashi ka bar mini kujera. Na sallame ka daga aiki."

Mutumin ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya yi wa tsohuwar sallama. Har ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya ɗan russuna.

"Ranka ya daɗe, tunda maganar ta zo, daga wane aikin aka sallame ni? Don mai ɗakina kullum sai ta tambaya."