Kurtun da Ya Tsallake Shinge

A wani gari na bakin iyaka, sunansa ya shige mini duhu yanzu, akwai majalisar dattawa a gindin wata ceɗiya, inda ake buga darar nan ta Turawa mai sarki da dawaki da kurata. Kujera ɗaya ce tak mai majingina a wurin, kuma wanda ya ci wasa shi ke zama a kanta har a kayar da shi. Ta daɗe a hannun Alhaji Barmo, wanda ya yi rayuwarsa yana tsaron shinge a kan hanya kafin ya yi ritaya. Malam Tunau kuwa tsohon direban babbar mota ne, tuƙi ya cinye masa baya, kullum yana kan benci yana hararar kujerar nan.

Ran nan wasa ya yi wa Tunau kyau. Saura ya wuce da kurtu ɗaya, hanya ta buɗe. Sai ya ɗaga shi daga mazauninsa na farko, ya tsallake gida guda, ya dire shi kafaɗa da kafaɗa da kurtun Alhaji, inda yake ganin ba mai iya taɓa shi. Har ya fara miƙa yana shafa ƙugu.

Alhaji ya kai hannu. Ya gusa nasa a karkace zuwa gidan da aka tsallake, ya tsince na Tunau ya ajiye gefe.

Tunau ya zabura ya ce, "Haba Yallaɓai! Gidan nan fa ba kowa a ciki. Iska ka ci?"

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Doka ce, direba. Kurtun da ya yi tsalle biyu don ya kauce wa nawa, ina da ikon cafke shi kamar ya tsaya a gabana. Amma sai nan take. In na yi wani motsi, ya sha."

"Wato wanda ya wuce a guje, shi ake kamawa?"

"Shi fa! Ai mu da muka yi aikin hanya ba ma wasa da irinsu."

Tunau ya koma kan bencinsa a hankali, ya dube shi ya ce, "Ikon Allah, sai da ka yi ritaya ka koyi wannan. Da kana bakin shinge, Yallaɓai, mu da muke tsayawa kaɗai kake kamawa. Masu wucewa a guje hannu kake ɗaga musu."