Ranar da Na Je Ceton Hafsatu Daga Aji Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na saka babbar rigata ta Juma'a, na tafi har jami'a ceton ɗiyata daga abin da bai same ta ba.

Ni dillalin wake ne, tsakanin Ƙaura da Shinkafi nake harkata. In na damƙi wake a hannu, ko idona a rufe zan gaya maka lamba ɗaya ne ko na baya. Boko kuwa, firamare na leƙa na fito. Da Hafsatu, babbar ɗiyata, ta samu jami'a a Sakkwato don karanta aikin gona, 'yan'uwa suka yi ta gunaguni, wai hanya ba lafiya, wai ɓata lokaci ne. Na ce na ji, in ba ta yi abin kirki ba, ƙannenta mata ba wadda za ta ƙara zuwa. (A gaban mutane na faɗa, dillali kuwa da maganarsa yake cin abinci.)

Shekarar da za ta gama, wata Alhamis ina tsakiyar kasuwar Shinkafi, sai ta kira. Muryarta na rawa kamar mai kuka.

"Baba, sakamako ya fito. Na samu huɗu da ɗigo takwas, fas kilas..."

Nan layi ya yanke. Huɗu? A firamarenmu wanda ya ci huɗu cikin ɗari bulala yake sha. Na nufi Alhaji Mani, abokin cinikina da ke kai wake Ibadan, wanda saboda haka muke ɗaukarsa Baturen rumfarmu. Ya girgiza kai.

"Fas da Turanci ɗaya ke nan, kilas kuma aji. Aji ɗaya sunka maishe ta. Kai ma da maki huɗu mi kake jira?"

Ban gaya wa uwarta ba. Da Hafsatu ta sake kira, cewa kawai na yi ta kwantar da hankali ina tafe, na kashe waya don kada ta ji raunina. Na zaɓi buhun wake mafi kyau, na kama hanya.

A bakin ƙofar jami'a ta tarbe ni tana fara'a, har na ce a raina yarinyar nan akwai tawakkali. Na umarce ta ta kai ni wurin babban malaminsu, kuma kada ta sa baki. Wani dattijon farfesa ne mutumin Filato, Hausarsa ras, ga malamai zaune a ofishinsa. Muka gaisa, na gyara riga, na buɗe ciniki.

"Ranka ya daɗe, yarinyar ga ba daƙiƙiya ba ce. In ajin ƙarshe ya fi ƙarfinta, a bar ta a na uku. Amma aji ɗaya ya yi tsanani. A raba mu tsakiya."

Hafsatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata malama ta faɗa tari, wanda daga baya na gane ba tari ba ne. Farfesa bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya cire tabarau, ya bayyana min cewa makinsu a biyar yake tsayawa, ba a ɗari ba. Sannan ya tambaye ni me muke kiran waken da ya fi kowanne kyau a kasuwa.

Na ce lamba ɗaya.

"To Alhaji, ɗiyarka lamba ɗaya ce."

Ya miƙe tsaye ya ba ni hannu, sauran malaman ma duk suka miƙe. Ni kuwa gumi har cikin hula.

Kunyar ba ta gama sakina ba mamaki ya danne ta. Farfesa ya ce ita ke fara shiga ɗakin karatu, ba ta barin karatun yau ya kwana, abin da ba ta gane ba sai ta bi malami ta tambaya, wanda ta gane kuma ta tara 'yan ajinsu ta koya musu. Suka kai ni ɗakin bincike, inda ta jera kwalabe cike da wake, tana gwajin yadda za a adana shi ba tare da zuba guba ba. Ta yi wa malamai bayani da Turanci suna gyaɗa kai, ta juyo ta yi min da Hausa. Tun ina saurayi nake faɗa da ƙwaron wake yana cin galaba a kaina, sai ga yarinyar da na goya a kafaɗa ta san shi har ƙwansa. Na tsaya ina kallonta kamar ranar na fara ganinta.

Buhun wake Farfesa ya ƙi karɓa, sai 'yan ajinsu suka yi walima da shi. Ƙannenta biyu yanzu suna jami'a, masu gunaguni kuma sun koma tambayar yadda ake neman gurbi.

Alhaji Mani har gobe yana nan a kan bakansa, wai fas ɗaya ne, kilas aji ne, shi bai yi ƙarya ba. Ni dai na ɗauki darasi: in an kira ni da Turanci layi ya yanke, mai maganar zan sake kira, ba Baturen rumfarmu ba.