Murhun Roba

"...ya gajiya? Ya ƙafa? Ya tsufa?"

"Tsufa na gaishe ka, ya ce yana nan tafe. Shigo mana, ka tsaya bakin ƙofa kana rawa kamar mai jin fitsari," in ji kakarsa.

Bai zauna ba. Tashi-mu-je ake ce masa a gida, don tun yana ƙarami ba a taɓa ganin ya shanye kofin ruwa a zaune ba. Yau kuwa abin ya fi na kullum. Abokansa za su bakin kogi kamun kifi, mota na bakin titi ana loda kaya, kuma sun kafa masa sharaɗi. Wancan karon shi ya jera duwatsun murhu, kasko ya kife, kifi da mai suka koma cikin toka. Saboda haka ko ya zo da abin ɗora kasko, ko mota ta tafi babu shi.

Kakarsa na kishingiɗe a tabarma, ta ɗora ƙafarta mai ciwo a kan wani murhun ƙarfe mai ƙafa uku da aka naɗa wa tsumma. Na marigayi mijinta ne, direban babbar mota. Ninke shi yake yi ya cusa bayan kujera, duk inda yunwa ta tare shi ya buɗe.

"Amarya, ara min babban kaskonki in gwada wani abu. Yau za ki san kin yi dacen miji."

Ya zaro abin daga buhu ya dire a gabanta: ragar tsohuwar fanka a sama, guntayen rodi uku a ƙasa.

"Tarkon ɓera ne ko kejin kaza?"

"Murhu ne, na zamani. Masu kamfani sun gani suna ta roƙona, na ce sai na yi shawara da iyalina."

"Iyalinka ta ce ta yafe. Ina fankar ɗakin babanka?"

"Tana nan lafiya. Iska ma ta fi fita yanzu."

"Allah ya shirye ka. Mai walda ne ya haɗa maka wannan abin kunyar?"

"An ɗauke musu lantarki tun safe. Ni kuwa ba na jiran kowa, da hannuna na yi."

Ta gyara tabarau, ta jawo abin da sandarta. Kowace ƙafa an naɗe ta tamau da baƙar robar tayar keke.

"Na sani. Da roba ka ɗaure min tabarau, da roba ka ɗaure ƙofar banɗaki. Ranar da na mutu ma da roba za ka ɗaure likkafanin."

"Ke da mutuwa ai kun ɓata, ta ce surutunki ya ishe ta. Ina kaskon?"

"Tsaya tukuna. Me za ka hura a ƙarƙashinsa?"

"Wuta mana, ko ƙanƙara kike so in hura?"

"Wuta."

"Wuta."

Ta dube shi, ya dube ta. Sai ya dubi robar. Daga bakin titi mota ta danna hon, wayarsa ta hau kuka a aljihu. Tun safe yake fama da abin nan, ya gwada shi da dutse, ya gwada shi da bokitin ruwa, har zama ya yi a kai. Wuta ce kawai bai tuna da ita ba.

"Roba ce ta musamman," ya ce a hankali.

"Ƙwarai. Kifin ma zai zama na musamman, a sha hayaƙin taya a ƙoshi."

Ya zagaya ɗakin, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya dawo. Idonsa ya sauka a ƙarƙashin ƙafarta.

"Ranki ya daɗe..."

"Yau kuma? Ɗazu ai tsohuwa ce ni."

"Wa ya faɗa? Nuna min shi. Yarinya ɗanya shakaf kamarki me za ta yi da abin jingina ƙafa?"

"Ɗauke idonka. Wannan na mijina ne na gaske. Ya zaga duniya da shi, ko shayi bai taɓa kifarwa ba."

"Na gasken ai tafiya ya yi ya bar ki. Ni ne na tsaya."

"Ka tsaya? Kai? A ina? Da wane lokaci, in sa a rubuta?"

Hon ya sake tashi, wannan karon dogo.

"Kaka, wallahi tafiya za su yi."

Ba ta saba jin ya kira ta haka ba. Ta shafa tsumman.

"To in na ba ka, ƙafata fa? A kanka zan ɗora? Kai da ba ka zama wuri ɗaya, sai dai in tsinci ƙafar a kasuwa."

Ya durƙusa, ya ɗaga ƙafar a hankali, ya zare na ƙarfen, ya tura nasa ya shimfiɗa tsumman a kai. Ta saki nauyinta. Robar ta ɗan lotsa, ta dawo. Ta sake dannawa. Ta sake.

"Yaya?"

"Babu daɗi ko kaɗan."

"To ɗaga in ɗauke."

"Taɓa ka gani!"

Dariya ta ƙwace mata har tabarau ya zame.

"Ja'iri. Ka yi niyyar murhu ka ƙare da matashi. Ɗauki ka ɓace min. Babban kifin nawa ne, kuma ban son mai toka."

Ya ninke murhun ya rungume, har ya kai ƙofa ta ɗaga murya.

"Kai! Kusar ƙafa ɗaya tana zamewa. Da dutse kakanka yake buga ta. Ka ji? Da dutse!"

Tashi-mu-je ya zare hannunsa daga aljihu, inda har ya fara laluben ragowar roba, ya ruga.