Neman Rago a Zauren Taro

Ana jibi sunan ɗiyar ƙanina, na bugi ƙirji na ce a bar mini maganar rago. Ai na zauna a Birmingham kafin in koma Manchester, kuma na san wata tsohuwar mayanka a can, ko da yake ta tagar bas nake hango ta.

Matata ta ce, "Baban Amina, ka dai buga musu waya."

Na ce, "Mayanka tashi take yi?"

Na jefa ƙatuwar kula a mota, na ɗauki surukina Malam Sani. Ginin na nan, har da kan sa na dutse a saman ƙofa. Sai dai babu ƙarni, ƙamshin kofi kawai. Na ce masa, "Ka ga tsaftar Bature!"

Wata mata ta maƙala mana kati a ƙirji, na ɗauka lambar layi ce. Muka shiga zaure, ga ƙugiyoyin rataye nama a sama, ga mutane cikin kwat. Wani yana ta bayani kan gyaran tsofaffin gine-gine. Na rasa gane haɗinsa da rago, amma da aka yi tafi, na yi.

Aka nemi mai tambaya. Na ɗaga hannu, kula a cinya, na ce ƙarfe nawa ake fara yanka?

Mutumin ya ce an daina tun kafin a haife shi, yanzu gidan taro ne.

Har yau in na shiga masallacin Longsight, sai Malam Sani ya ce, "A matsa wa Sarkin Fawa, daga lacca yake."