Rasuwar Ɗan Kano, Keken Lawwali Wanzami

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwa mai ɗauri, Lawwali Wanzami na bayan kasuwar Matameye yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da dukan 'yan ƙungiyar masu keke, rasuwar kekensa da aka fi sani da Ɗan Kano. Ya cika ranar Lahadi da la'asar, a gangaren lambunan rake, yana cikin aiki.

Marigayin ya shigo garin nan a kan babbar mota, wata shekara da yayan Lawwali, Hamisu, ya dawo daga cin rani a Kano. Hamisu bai sayo shi don ado ba. Ƙaninsa shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana goye, daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ya huta a hanya. Ranar da Lawwali ya hau sirdin nan, ranar ya fara isa wuri tare da mutane.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi da haƙuri. Bai taɓa neman mai ba, bai taɓa ƙin tashi da sanyin safiya ba. Ya kai Lawwali da zabirarsa askin suna a Kance, ya kai shi Yauri, ya kai shi ƙauyukan Ɗan Barto inda yashi ke kayar da babur. Shi ya ɗauki Najaha, matar gida, zuwa wajen likita tana naƙuda, yana tafe a hankali kamar ya san abin da ya ɗauko. Magana ba ta dame shi ba. In ya yi nisa yakan ce "ƙyar, ƙyar", in ya ga yara a lungu ya ce "ƙirrrin".

Ranar da abin ya faru, ƙungiya ta shirya zagayen unguwanni, har da baƙi daga Damagaram masu kekuna sababbi fil. Shugaba Mansur ya sa Lawwali a gaba, don babu lungun da wanzami bai sani ba. Ya bi da su ta wajen maƙera, ya ratsa da su ta marina, ya nuna musu gidan da ake tuyar ƙosan da ya fi na ko'ina. Baƙin suna ta haki a bayansa, babu wanda ya lura da ƙafarsa. Najaha ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa kamar yadda ta gan ta da suka wuce ta ƙofar gida ba.

A gangaren lambu ne marigayin ya ce "ƙas", sau ɗaya. Wuyansa ya rabu da gangar jiki. Tayar gaba ta yi gaba ita kaɗai, Lawwali ya kife a yashi. Da aka ɗaga shi bai dubi jinin gwiwarsa ba, rarrafe ya yi yana haɗa ƙarfen da hannu, yana roƙon a ba shi igiya. A kan amalanken rake aka mai da su gida, shi da gawar, baƙi na biye a baya.

An yi iya ƙoƙari. Illa mai walda ya duba, ya sa yatsa a karayar, tsatsa ta zubo kamar gari. Ya ce, "Lawwali, wuta ba ta kama wannan. In na liƙa, gobe kai zai kashe." Lawwali bai yarda ba. Ya sa aka kai gawar wajen wani mai walda a Kance, shi ma haka ya faɗa. Ya dawo ya zauna a ƙofar Illa har aka kira magariba, yana cewa a gwada ko sau ɗaya.

Marigayin ya bar famfo ɗaya, da ƙararrawa, da tayar baya mai faci kan faci. Ya bar zabira a rataye. Ya bar jarirai a ƙauyuka da za a nemo musu wani wanzami, domin ƙafar da ke kai masallaci da ƙyar ba za ta kai Yauri ba.

Za a yi rakiya ranar Alhamis bayan la'asar, daga zauren Lawwali zuwa rumfar Illa, inda za a cire abin da zai amfani wasu kekunan. Ana roƙon masu sayen tsohon ƙarfe su daina leƙowa suna tambayar nauyi. Masu zuwa ta'aziyya da kekunansu, don Allah su jingine su a bayan katanga, inda Lawwali ba zai gan su ba.