Yadda Za Ka Zaɓa wa Mutane Fim Ɗin Tsoro Har Ka Kashe wa Tsohuwa Tukunya

Kai mai tura fina-finai a waya, matso kusa. In burinka a duniya shi ne ka zama gwanin zaɓa wa jama'a sababbin fina-finan tsoro da na rikita ƙwaƙwalwa, to ka zo inda ake yi. Hanyar nan tabbatacciya ce, ba ta ƙi. Lukman mai shagon caji a Jega Firchin ya gwada ta a kan Inna Amariya, mai sayar wa 'yan lodin albasa tuwo a Aliero, ta kuwa ci. Ita Innar ce ta ce a rubuta maka. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma wannan karatun da tukunyarta ta biya shi. Bi shi daki-daki. In ba ka raba wata baiwar Allah da sana'arta da mutuncinta ba, ka ce ta yi maka ƙarya.

Mataki na ɗaya: Kada ka ba mutum abin da ya nema

Ga Rabi'u, babban 'yan lodi, ya shigo Jega ranar kasuwa, ya miƙo maka waya ya ce ka sa masa dambe. Yatsine fuska. Ka ce, "Dambe? Wa ke kallon dambe yanzu, sai tsofaffi?"

Sai ka jero masa sababbin fita. Ga na rijiyar da ke kiran mutum da muryar uwarsa. Ga na wani bawan Allah da ya wayi gari kowa a gidansu yana rantsuwa bai taɓa yin ƙane ba, alhali ga takalmin ƙanen a bakin ƙofa. Ka gaya masa wannan na manyan kai ne, in ya gama kallo ko inuwarsa ba zai ƙara yarda da ita ba. Kada ka tsaya tunanin me mai ɗaukar buhu zai yi da zargin inuwarsa. Masu hikima sun ce mutum bai san yana da kwanciyar hankali ba sai an raba shi da ita. Waɗanne masu hikima? Ba ruwanka.

Mataki na biyu: Nemi wanda ya taɓa ciki

Fatalwa a saman tsohon bene ba ta tsorata ɗan Aliero, don ba shi da bene. Amma kowa yana da ciki. Saboda haka ka ajiye na ƙarshe, wanda Lukman ya fi so: wata tsohuwa tana dafa wa ma'aikata abinci, tana ƙara musu miya tana murmushi, su kuwa suna ci suna mantuwa, har mutum ya mance sunan ubansa. Ta yaya aka gano ta? Ba ta taɓa ɗanɗana girkinta a gaban kowa.

Wannan za ka tura. Ka ce kyauta ne, don zumunci.

Mataki na uku: Rantse, sannan ka kawo misali daga gida

Fim ba ya kama mutum sai ka ɗaura masa igiya. Ka rage murya ka ce, "Wallahi abin ga ya faru, can wata ƙasa." In ka ga idonsa ya buɗe, sai ka ƙara gishiri kamar yadda Lukman ya ƙara:

"Kai, tsohuwar ma kamar Innar ga taku ta wurin lodi. Har wushiryar!"

Ka yi dariya, ka buga cinya. Ba sai ka taɓa cin tuwon matar ba. Lukman bai taɓa ci ba. Wucewa kawai ya taɓa yi a kan babur, ya hango haƙoranta. Wannan ya isa shaida.

Mataki na huɗu: Koma gefe, waya za ta yi sauran

Washegari da rana, 'yan lodi suna jiran mota ta gyara tsayuwa, suka haɗa kai a inuwa suka kalla tun daga farko har ƙarshe. Suna ɗago kai, sai ga Inna Amariya ta buɗe tukunya, miyar sure, wato yakuwa, tana tururi, ta kama kwasar malmala kamar kullum.

Ba wanda ya motsa. Can Rabi'u ya yi gyaran murya.

"Inna, miyar ga ta yi ƙamshi yau. Ɗan ɗanɗana muna mana, mu gani."

Inna ta waiga. A kan buhunan albasa, ga Dalhatu zaune, mijin 'yarta Rahama, shi ma ɗan lodi ne. Tun da aka ɗaura auren nan bai taɓa ganin loma ta shiga bakinta ba, ko ruwa sai ta juya baya. Haka aka tarbiyyantar da ita a garinsu Mungadi, haka uwarta ta yi har ta koma ga Allah. Mace da girmanta ta wage baki tana tauna a gaban suruki? Ko dalilin ma ba ta iya faɗa, don faɗarsa sai ta nuna surukin.

Sai ta ce, "Ba ni ci." Kunya ta kama ta, ta yi ɗan murmushi, ta ja mayafi ta rufe baki.

Murmushin nan kuwa shi ne dai na cikin waya. Ƙato-ƙaton maza masu ɗaga buhu da hannu ɗaya suka riƙa sulalewa, kowa ya tuna yana da uzuri wurin mai ƙosai.

Mataki na biyar: Dogara ga kunyar mutanen kirki

Nan gwanintar take. Ƙarya ba ta ƙiba sai a garin da masu gaskiya ke jin nauyin magana. Dalhatu ya san dalili sarai, amma ina suruki zai tsaya cikin maza yana bayanin bakin uwar matarsa? Tuwon kuwa bai daina ci ba, sai dai shi ma a bayan mota yake ci, ya juya baya, kamar yadda ya saba. Wa ya gani? Ba kowa. Da abin ya ishe shi ya ce, "Ni fa kullum ina ci," sai suka dubi juna.

"Allah sarki. An riga an gama da wanga."

Ranar kuma tsautsayi ya sa ya mance hularsa a kan buhu. Shi ke nan, mantuwa ta fara, hujja ta cika.

Tuwo ya riƙa komawa gida yadda ya fito. Inna ta zuba wa awaki, maƙwabciya ta fito da gudu ta janye nata. Yara suka daina bi ta ƙofar gidan. Magana ta hau mota ta wuce Maiyama, ta sauka Mungadi, har yayanta ya aiko a tambaya wai me yake ji. Kalmar da ake raɗawa ba sai an rubuta ta ba. Ita ce wadda in ta manne wa tsohuwa, ko likkafani ba ya cire ta, har jikoki sai sun gada.

Kai kuma kana Jega, kana tura wa wasu. Madalla da kai.

Mataki na shida: In an zo maka, ka ce ai fim ne kawai

Rahama ce ta matsa wa mijinta har ya faɗi daga inda abin ya taso. Inna ba ta je wurin mai gari ba, ba ta je wurin 'yan sanda ba. Ta jira ranar kasuwar Jega, ranar da 'yan lodi ke zuwa caji. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya, ta ɗaure tukunya da zane, ta shiga mota. Ta dire tukunyar a kan teburin Lukman, tsakiyar wayoyin mutane.

"Kai ne Lukman?"

"Ni ne, Inna. Sannu da zuwa."

"Ashe ka san ni. Har wushiryar."

Ga Rabi'u da mutanensa a bakin shago, ga 'yan kasuwa sun fara taruwa. A nan sai ka yi yadda Lukman ya yi: ka yi dariyar yaƙe, ka ce, "Haba Inna, ai fim ne kawai. Wasa ne."

"Awo, wasa ne. To ci."

Kada ka ce kana azumi in akwai ɓawon gyaɗa a gemunka. Lukman ya faɗi hakan, bai yi aiki ba. Matsalarsa ita ce duk Jega ba wanda ya kai shi kallon fim ɗin nan, kuma tun yana rantsuwar ƙarya har ya fara yarda da kansa.

"Inna, ki fara ɗanɗanawa."

Ta juya ta dubi 'yan lodi ɗaya bayan ɗaya.

"Ku, marasa ta-ido. Gaban mijin ɗiyata kuke son in buɗe baki in ci tuwo? Wace uwa tag goya ku? Rabi'u, taka uwar tana ci gaban surukanta?"

Rabi'u ya sunkuyar da kai, ya kama karce ƙasa da takalmi.

Ta dawo kan Lukman. "Nan babu surukina. Da na so, da na ci. Amma ba ni ci. Kai kac ce wasa ne, kai za ka yi wasan."

Mataki na bakwai: Ci

Wanke hannu. Lukman ya wanke har gwiwar hannu, ya karanta duk abin da ya sani, har da addu'ar shiga mota. Ya gaya wa maƙwabcinsa mai sayar da takalma inda yake ajiye makullin shago, ko da wani abu. Ya yanki loma, hawaye na ɗiga cikin miya. Ya rufe ido ya haɗiye. Inna ta dube shi.

"Mi ne sunanka?"

"Lukman."

"Ubanka fa?"

"Murtala."

"Ashe ba ka mance ba. Ƙara."

Ya ƙara. A loma ta gaba ya buɗe ido. Kafin a jima kuka ya tsaya, sai ga shi yana karkata kwano yana bin miya da yatsa. Da ya suɗe ya ɗago kai a hankali.

"Inna, don Allah mi kika sa a ciki?"

"Daddawa, ɗan nema. Daddawa da gishiri da shekarun da suka girmi uwarka."

Abin da bai lura da shi ba, wayoyin da ya cika da caji da hannunsa duk suna sama, suna ɗauka.

Yanzu tukunyar Inna tana ƙarewa kafin la'asar. Rabi'u malmala biyu yake karɓa, ba ya iya haɗa ido da ita. Dalhatu yana bayan mota kamar da, da hularsa a kansa. Maƙwabciya ta sako awakinta.

In kuwa shawara kake nema kan fim ɗin tsoro mafi kyau da ya fita bana, je Jega Firchin ka ce a tura maka na mai kuka da tuwo. Daga Aliero har Liba ba wayar da babu shi. Lukman da kansa yake turawa, yana kau da kai, don in ya ƙi, shagon gaba zai tura.

Gargaɗi

Inna Amariya ta wanke hannunta daga duk abin da ya biyo baya. Wanda ya bi matakan nan ya wayi gari ya ga tsohuwa da tukunya a bakin shagonsa, shi ya jawo. Wanda ya kasa barci, ya nemi wanda ya tura masa. Wanda cikinsa ya yi ƙugi bayan ya ci tuwonta, haɗamarsa ce. Wanda ya mance sunan ubansa, dama can bai riƙe shi da kyau ba. Mai son ya ga ta ɗanɗana miyarta kuwa, sai ya fara roƙon Dalhatu ya canza sana'a.